Matakan Tsira Idan Hatsari Ya Auku a Tashar Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa

Babu jirgin ƙarƙashin ƙasa a Najeriya ko Nijar, amma mutanenmu suna hawansa kullum a ƙasashen waje. Akwai ɗalibin Azhar da ke sauya jirgi a tashar Shuhada ta Alƙahira, da ɗan kasuwar da ke sauka a Xiaobei ko Sanyuanli a Guangzhou, da mai jinyar da ya kai mahaifinsa asibiti a Delhi, da ma'aikaciyar jinya a Landan, da baƙon Riyad, inda aka buɗe sabon metro a Disambar 2024. Yawancinmu mun iya sayen tikiti da sauya layi, amma ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana yadda ake fita idan wuri ya rikice.

Jirgin nan yana cikin hanyoyin sufuri mafiya aminci. Miliyoyin mutane suna hawa kowace rana su sauka lafiya. Sai dai ranar da abu ya faru, lokacin da mutum yake da shi ƙanƙane ne. Ba taga, ba hasken rana, ƙofofin fita ƙidayayyu ne, hayaƙi kuma sama yake nema, ta matakalar da kai ma za ka bi. Ƙa'idar NFPA 130 ta Amurka, wadda ƙasashe da dama ke gina tashoshinsu a kanta, ta ce a tsara tasha yadda za a kwashe mutanen da ke kan dandamalin jiran jirgi cikin minti 4, kuma wanda ya fi kowa nisa ya kai tudun mun tsira cikin minti 6. Wannan lissafi yana aiki ne idan mutane sun tashi nan take. Matakan da ke tafe duk manufarsu ɗaya ce: kada waɗannan mintoci su salwanta a hannunka.

Mataki na 1: Shirya tun kana masauki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Haddace lambar gaggawa ta ƙasar da kake: 999 a Birtaniya, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai da Turkiyya da Indiya, 911 a Amurka da Riyad, 119 ta 'yan kwana-kwana a Sin da Japan da Koriya ta Kudu. A Masar, 180 ce ta kwana-kwana, 123 ta motar asibiti. Ka fita da waya mai caji, domin idan wuta ta ɗauke tocilarta ce idonka.

Idan tafiyar da iyali ce, ku tsayar da magana tun a ɗaki. A Alƙahira da Delhi da Dubai akwai taragon mata, don haka sau da yawa maigida yana tarago ɗaya, uwargida da yara suna wani. Ku amince cewa kowa zai fita ta hanyar da ta fi kusa da shi, ba wanda zai juya neman wani a cikin tasha, kuma a masauki za a haɗu idan waya ta ƙi shiga. Yaro da tsoho, a sa musu takarda a aljihu mai sunan masauki da lambar waya, a rubuce da harshen ƙasar.

Fasfo da kuɗi da maganin da kake sha su zauna a jikinka, cikin ƙaramar jaka mai ratayawa. Wanda fasfonsa ke ƙasan buhun kaya ba zai yarda ya bar buhun ba, alhali barinsa ne zai cece shi.

Mataki na 2: Karanci tashar kana shiga

Mutum idan ya firgita, hanyar da ya shigo yake nufa, ko da akwai wata ƙofa a gefensa. Maganin wannan shi ne ka san hanyoyi biyu kafin jirgi ya iso. Da ka sauka kan dandamali, dubi dama da hagu ka nemi koriyar alama mai hoton mutum yana gudu ta ƙofa. A tashoshin Sin ana sa wa ƙofofin fita haruffa, A, B, C, a Koriya da Delhi kuma lambobi. Dubi taswirar da ke bango ka ga wace ce ta biyu a kusa da kai.

Sannan ka lura da abubuwa uku: akwatin kiran ma'aikata, tukunyar kashe wuta, da maɓallin tsayar da jirgi inda ake da shi. A tashoshin Koriya ta Kudu za ka ga kabad mai gilashi cike da takunkumin kare hayaƙi.

Ka kuma kula da zurfin wurin. Tashar Hampstead ta Landan tana da zurfin mita 58, matakalarta ta gaggawa tana da hawa 320. Mai ciwon zuciya ko asma ko ciwon gwiwa, da mai tafiya da tsoho, ya kamata ya san abin da ke jiransa idan lifta ta tsaya, ya tsaya jiran jirgi kusa da ƙofar fita.

Da ka shiga tarago, dubi gefen ƙofa. Akwai takarda mai hotuna da ke nuna inda ake kiran direba da yadda ake buɗe ƙofa da hannu. Lambar taragon ma tana nan a rubuce. Duk wannan ba ya cin minti ɗaya.

Mataki na 3: Da alamar farko, tashi

Nan ne aka fi asarar rayuka. Ba gudun firgici ne ke fara kashe mutane ba, tsayawa kallo ne da jiran a tabbatar.

A ranar 10 ga Agusta 1903, wani jirgi ya kama wuta a cikin ramin metro na Faris. An sauke fasinjojin jirgin da ke bayansa a tashar Couronnes aka ce su fita, sai da yawansu suka tsaya sai an mayar musu da kuɗin tikiti. Ana cikin gardamar hayaƙi ya turnuƙo daga rami, fitilu suka mutu. Mutum 84 suka rasu, yawancinsu a wannan tasha.

A ranar 18 ga Nuwamba 1987, wajen ƙarfe 7:30 na dare, an hango wata 'yar wuta a ƙarƙashin matakalar lantarki ta katako a tashar King's Cross ta Landan. Ashana ce wani ya yar, ta faɗa kan maiƙo da ƙurar da suka taru a ƙasa. Waɗanda suka gan ta sun ɗauke ta ƙarama, jama'a suka ci gaba da harkarsu. Bayan kimanin minti 15 wutar ta bi gangaren matakalar ta yi tsiri zuwa zauren sayar da tikiti a bugu ɗaya. Mutum 31 suka rasu.

An gwada wannan hali na ɗan Adam a tashar Monument ta birnin Newcastle a Ingila. Da aka kaɗa ƙararrawa kawai, yawancin fasinjoji suka ci gaba da jiran jirginsu. Da aka yi magana ta lasifika aka faɗa musu abin da ke faruwa da inda za su bi, suka kama hanya ba ɓata lokaci.

Saboda haka kada ka jira sai an kira ka da suna. Ƙararrawa, ƙaurin wayar lantarki mai ƙonewa, hayaƙi komai siririnsa, ƙara mai ƙarfi, ko ganin ma'aikata suna kora mutane, kowanne ya isa dalili. Cire abin sauraro daga kunne, mayar da waya aljihu, kada ka tsaya ɗaukar bidiyo. Kada ka duba ko na kusa da kai ya motsa, domin shi ma kai yake dubawa. Yi addu'arka ƙafarka tana tafiya. Idan ka fito aka ce gwaji ne, ba ka yi asarar komai ba sai 'yan mintoci.

Mataki na 4: Sanar da ma'aikata, ka bi umarninsu

Idan kai ka fara gani, danna maɓallin akwatin kira ko ka tare ma'aikaci mafi kusa. Faɗi abu biyu a gajarce: me ka gani, kuma a ina. Ko ba ka jin harshen, kalma ɗaya da nuni da hannu sun wadatar. Ga naka mutanen kuwa, faɗa musu kai tsaye: "Wuta ce, mu fita ta can." Umarni bayyananne ya fi ihu amfani.

Ma'aikata suna magana da ɗakin kula da zirga-zirga, sun san inda manyan fankoki ke tura hayaƙi da ƙofar da aka rufe. Idan suka nuna maka hanyar da ba ka sani ba, bi. Wani lokaci ma umarnin shi ne a shiga jirgi: a King's Cross, waɗanda suka maƙale a ƙasa bayan wutar ta mamaye zauren sama, jiragen layin Victoria ne suka fitar da su.

Mataki na 5: Idan abin ya same ka cikin tarago

Hali uku ne, kowanne da hukuncinsa.

Na farko, jirgi ya tsaya a rami, ba wuta ba hayaƙi. Zauna. Cikin taragon ya fi waje aminci nesa ba kusa ba, domin a waje akwai wutar lantarki da wasu jiragen. Saurari direba, ka ba tsofaffi da masu juna biyu wurin zama.

Na biyu, wuta ko hayaƙi a taragonku jirgi yana tafiya. Kira direba ta akwatin da ke gefen ƙofa, faɗi lambar tarago, ku koma tarago na gaba, ku rufe ƙofar tsakani idan akwai. Kada ka yi ƙoƙarin tsayar da jirgi a tsakiyar rami. Ana so ya kai tasha, inda akwai haske da matakala. Shi ya sa a Landan, ko an ja ƙararrawar fasinja, jirgin da ya riga ya bar dandamali sai ya kai tasha ta gaba yake tsayawa. Abin da ya faru a Baku ta Azarbaijan ranar 28 ga Oktoba 1995 ya nuna dalili: jirgi ya kama wuta ya tsaya a rami tsakanin tashoshin Ulduz da Narimanov, mutum 289 suka rasu, yawancinsu hayaƙi ne ya kashe su.

Na uku, jirgi yana tsaye a tasha, hayaƙi yana shigowa, ƙofa ta ƙi buɗewa. Nan ba a jira. A ranar 18 ga Fabrairu 2003, wani mutum ya cinna wuta a jirgi a tashar Jungangno ta birnin Daegu a Koriya ta Kudu. Bayan 'yan mintoci jirgi na biyu ya shigo ya tsaya a gefensa. Aka ce wa fasinjojinsa su zauna, wutar lantarki ta yanke, daga baya direban ya fice da makullin jirgin, ƙofofi suka kasance a rufe. Cikin mutum 192 da suka rasu, mafi yawa a jirgi na biyu suke. A taragon da aka sami wanda ya san yadda ake buɗe ƙofa da hannu, mutane sun fita. Mariƙin yana gefen ƙofa, ko samanta, ko ƙarƙashin kujerar da ke kusa da ita. Buɗe murfin, juya ko ja mariƙin yadda hoton ya nuna, jira 'yan daƙiƙoƙi, sannan ka ture ƙofar gefe da hannu biyu. Buɗe ta ɓangaren dandamali. Idan tashar tana da katangar gilashi tsakanin jirgi da dandamali, ita ma tana da mariƙi ta ɓangaren jirgi.

Mataki na 6: Idan dole a bi rami da ƙafa

Ba a sauka kan layin dogo sai ma'aikata sun ce an kashe wutar lantarki, ko kuma zama a taragon ya zama halaka. A layuka da yawa akwai ƙarfe na uku a gefen dogo, wanda ke ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 600 zuwa 750, kusan ninki uku na wutar gida. Ɗauki kowane ƙarfe a matsayin mai wuta, kada ka taka ko ɗaya.

Bi siririyar hanyar ƙafa da ke jikin bango, ɗaya bayan ɗaya, hannu a kan mariƙin bango. Tattare babbar riga ko abaya ko zani zuwa gwiwa. Haska tocila ƙasa, ba fuskar mutane ba. Alamun bango suna nuna nisan tasha ko ƙofar tsira ta kowane ɓangare. A sababbin layuka masu rami biyu akwai ƙofofin da ke ratsawa zuwa ɗaya ramin, waɗanda ƙa'idar NFPA 130 ta ce kada tazararsu ta wuce mita 244. Idan ka shiga, tabbatar na ƙarshe ya rufe, domin ƙofar ce ke tare hayaƙi.

Mataki na 7: Ka san halin hayaƙi

A gobarar ƙarƙashin ƙasa hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, tare da gubar da ke fita daga roba da soso idan sun ƙone. Yana makantar da mutum, ya rikita masa tunani kafin ya kayar da shi.

Hayaƙi mai zafi sama yake yi, matakala kuma tana zuƙarsa kamar bututun gidan burodi. Don haka hanyar da ta fi kusa ba lallai ita ce ta tsira ba. A ranar 11 ga Nuwamba 2000, jirgin hawan dutse ya kama wuta a wani rami mai gangare a Kaprun ta Ostiriya. Waɗanda suka fita suka yi sama, hayaƙi ya bi su ya cim musu. Mutum 12 da suka yi ƙasa, suka ratsa ta gefen wutar, su suka tsira. Mutum 155 suka rasu.

Idan matakalar da ke gabanka tana fitar da hayaƙi ko ta cika da shi, juya ka nemi ta biyun da ka gani a Mataki na 2. Inda kake jin iska mai sanyi tana bugun fuskarka, can ne iska mai kyau take fitowa, nufe ta. Idan hayaƙi ya riga ya rufe ku, sunkuya ƙasa, ka rufe hanci da baki da gefen mayafi ko hula ko hankici, jiƙaƙƙe in da ruwa. Ka sani ƙyallen yana tare toka ne kawai, ba ya tare guba, don haka kada ya sa ka sassauta tafiya. Dafa bango da hannu ɗaya, kada ka sake shi. Yawancin tashoshi suna da fitilun gaggawa da alamu masu haske a duhu kusa da ƙasa.

Mataki na 8: Matakala da turmutsitsi

Kada ka shiga lifta, sai in ma'aikata ne suka kai ka, domin wasu sababbin tashoshi suna da ta musamman don masu keken guragu da marasa ƙarfi. Shingen tikiti a yawancin tashoshi yana buɗewa da kansa lokacin gaggawa, kada ka tsaya laluben kati.

A kan matakala, faɗuwar mutum ɗaya ta isa ta jawo musiba. A daren 3 ga Maris 1943, jama'a suna sauka tashar Bethnal Green ta Landan don fakewa daga harin jiragen yaƙi, sai wata mata mai ɗauke da yaro ta faɗi kusa da ƙarshen matakala, na baya suka yi ta faɗowa a kanta. Mutum 173 suka rasu ba tare da bam ya taɓa su ba. Mu ma ba mu manta da ramin Mu'aisim na Mina ba, inda turmutsitsi ya ci alhazai 1,426 a shekarar 1990.

Yi sauri amma kada ka yi gudu. Riƙe ƙarfen gefe. Matakalar lantarki idan ta tsaya hawanta ya fi na siminti tsawo, kuma na farko da na ƙarshe ba daidai suke ba, dubi ƙafarka. Ajiye akwati da buhu a jikin bango, ba a tsakiyar hanya ba. Ɗauki ƙaramin yaro a ƙirji, a bar keken jariri. Idan takalmi ko waya ta faɗi, kada ka duƙa. Idan matsi ya yi tsanani, ɗaga hannuwanka gaban ƙirji don huhu ya sami wurin numfashi, ka tafi tare da jama'a kana karkatawa gefe a hankali, kada ka yi ja-in-ja da su. Wanda ya faɗi a gabanka, ku ɗaga shi nan take, ku yi wa na baya magana su dakata.

Mataki na 9: Idan ruwa ne ko guba

Ranar 20 ga Yuli 2021 an yi ruwan sama fiye da milimita 200 cikin awa ɗaya a Zhengzhou ta Sin. Ruwa ya kwarara cikin Layi na 5 har ya kai ƙirjin fasinjoji a taragu, mutum 14 suka rasu. Idan an yi gargaɗin ambaliya, kada ka sauka tasha. Idan kana ciki ka ga ruwa yana gangarowa ta matakala, hau tun yana idon sawu, ta matakalar da ba ta kwararar ruwa, riƙe da ƙarfe. Ruwa mai gudu da ya kai ƙauri yana iya kayar da babban mutum.

Idan kuwa ka ga mutane da yawa suna tari lokaci guda, idanunsu suna duhu, wasu suna zubewa, ba tare da hayaƙi ba, ka zargi guba. A harin iskar sarin na Tokyo ranar 20 ga Maris 1995, ma'aikata biyu na tashar Kasumigaseki sun rasu bayan sun kwashe ƙunshin gubar. Kada ka taɓa wani ruwa ko ƙunshi da ba ka san mai shi ba. Fita zuwa iska, cire rigar sama, wanke ido da fata da ruwa mai yawa, ka gaya wa ma'aikatan lafiya inda kake lokacin da abin ya faru.

Mataki na 10: Bayan ka fito

Kada ka tsaya a bakin ƙofa, akwai ɗaruruwa a bayanka, 'yan kwana-kwana kuma ta nan za su shiga. Yi nisa, ta ɓangaren da iska ba ta kai hayaƙi. Ƙirga mutanenka. Idan wani bai fito ba, gaya wa jami'i kamanninsa da inda ka bar shi, kada ka koma da kanka. Aika gajeren saƙo gida maimakon kira, domin layi yakan cushe. Duk wanda ya shaƙi hayaƙi ya bari likita ya duba shi ko yana jin garau, domin kumburin maƙogwaro da huhu yakan bayyana bayan awanni.

Ga wanda ke jagorantar wasu

Shugaban ƙungiyar ɗalibai, da dillalin da ke karɓar baƙin 'yan kasuwa, da maigidan da iyalinsa suka iso sabuwar ƙasa, wannan amana ce a wuyansu. Ranar farko da za ka shiga tasha da baƙo, nuna masa koriyar alamar da mariƙin ƙofa da akwatin kira kafin ka koya masa sayen tikiti. A tashar da kuka fi amfani da ita, ku zaɓi wata rana ku fita ta ƙofar da ba ku saba bi ba, da ƙafa, tare da yara, ku ga tsawon lokacin da za ta ɗauke ku da titin da za ta fitar da ku. Ka raba aiki tun yanzu: wane zai ɗauki ƙaramin yaro, wane zai riƙe hannun Baba. Sannan ka sa kowa ya maimaita maka wurin haɗuwa da lambar gaggawa da bakinsa. Allah Ya tsare mu, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya.